Makullin Rumbu: Na Mutum Ne Ko Na Kujera?

(Laccar da aka gabatar a wajen taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Isa da Sabon Birni)

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake raba izinin shiga jakunkunan fayiloli waɗanda ma'aikata ke tarayya a kansu cikin rumbun ajiya na kwamfuta. Na san akwai waɗanda da jin kan maganar suka ce a ransu, ai wannan aikin yaron kwamfuta ne, me ya haɗa ɗalibin shari'a ko akawun kuɗi da shi? To, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin ina fatan kafin mu tashi za ku yarda da ni cewa maganar ta shugabanci ce, kuma a ƙasarmu ta Gobir, a halin da muka sami kanmu, tana iya zama maganar rai.

Shi dai wannan rumbu da ake magana akwati ne wanda girmansa bai wuce na batirin mota ba, yana ɗauke da faifan ajiya biyu ko huɗu, a haɗa shi da kwamfutocin ofis ta waya, kowa ya riƙa zuba aikinsa a ciki yana ɗebowa. Masu sana'ar suna kiransa NAS, kuma kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera shi. Wata tsohuwar kwamfuta ma tana iya yin aikin in an shirya ta. Amfaninsa ga irin ofisoshinmu a fili yake. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk wanda ya jingine takardunsa a intanet kaɗai, a wannan lokaci sai dai ya rungume hannu. Wanda kuwa ke da rumbu a cikin ofis, da ɗan batiri da faifan hasken rana, aikinsa bai tsaya ba.

Amma fa ku dubi abin da ake zubawa a ciki. Akwai takardar albashi mai sunan kowane ma'aikaci da abin da yake ɗauka. Akwai jerin waɗanda aka ba taki ko tallafin kuɗi, da lambar wayar kowa. Akwai jerin 'yan gudun hijira, watau waɗanda suka baro garuruwa irin su Kamarawa da Gatawa suka fake a cikin gari, da sunan wanda ya saukar da su. Akwai bayanan taron tsaro, inda aka rubuta abin da hakimi ya ce da abin da maigari ya kawo. Tun daga hare-haren watan Mayu na 2020, da aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni, zuwa ƙetarawar dubban 'yan'uwanmu jihar Maraɗi, babu wanda ke cikin wannan ɗaki da bai san cewa da ɗan gari akan ci gari ba. Mai satar mutane ba ya bukatar komai kamar ya san wa ya karɓi kuɗi jiya, wa kuma ya kai ƙararsa. Idan duk waɗannan takardu suna cikin jaka guda wadda kowa ke buɗewa, to, mun yi wa mai leƙen asiri rabin aikinsa.

Iyayenmu da suka yi aikin En'e da na gwamnatin Jihar Arewa ba su san kwamfuta ba, amma sun san wannan matsala sarai. Shi ya sa a kowace ma'aikata aka raba ɗakin fayiloli gida biyu, na fili da na sirri. Masinja yana ɗaukar fayil na fili ya kai tebur, amma na sirri sai akawun da aka yarda da shi, kuma akwai littafin da ake rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya mayar. Ma'aikaci yakan yi rantsuwar riƙe sirri, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tsaye a bayansa. Abin lura a nan shi ne, ikon taɓa fayil ɗin sirri yana rataye ne a kan kujera. Ran da aka yi wa akawu canjin wurin aiki, makulli yana nan a kan tebur yana jiran magajinsa. Ba ya tafiya da shi a aljihu.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga Bagobiri. Tun ana Alƙalawa, kafin ta faɗi a 1808, har zuwa Tsibiri da Sabon Birni, ikon zaɓen sarki yana hannun majalisa ce, wadda ake kira Taran Gobir. Ba don sunan mutum ko kyan fuskarsa yake zama cikinta ba, sai don rawanin da ke kansa. In rawani ya koma kan wani, ikon ya bi rawani. To, abin da nake so in kafa a yau ke nan: a cikin rumbun kwamfuta ma, a ba kujera izini, kada a ba mutum. Kujera kuwa a harshen na'ura ita ce rukuni.

Bari mu ga yadda abin yake aiki. A 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina manhajar Unix a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, kuma daga tsarinta Linux ta yi gado, wadda ita ce ke cikin yawancin akwatunan nan. A wannan tsari, kowane fayil da kowace jaka suna kallon jama'a kashi uku: mai abu, da rukuninsa, da sauran mutane. Izini ma iri uku ne: na karantawa, da na rubutawa, da na zartarwa, wanda idan a kan jaka ne ma'anarsa ikon shiga cikinta. An ba karatu lamba 4, rubutu 2, shiga 1, sai a tara. Wanda aka ba duka ukun yana da 7, wanda aka ba karatu da shiga yana da 5, wanda aka hana kome yana da 0. Saboda haka in kun ga jaka da lamba 750, ma'anarta mai ita yana yin abin da ya so, 'yan rukuni suna karantawa kawai, bare kuwa ko ƙofa ba zai gani ba. In 770 ce, 'yan rukuni ma suna rubutawa.

Akwai wata lamba da nake so ku riƙe don ku guje ta, ita ce 777. Ita ce maganin gaggawa na kowane mai kula da na'ura da aka dama masa lissafi. Shugaban sashe ya zo a fusace yana cewa jaka ta ƙi buɗuwa, ga baƙi daga Sakkwato suna jira, sai yaro ya buga 777, jaka ta buɗe, kowa ya yi murna har a sa masa albarka. Abin da ya yi kuwa shi ne ya cire ƙofar rumbu ɗungurungum ya jingine ta a bango, kuma ba mai komawa ya mayar da ita.

Kamfanin Microsoft ya bi wata hanya mai faɗi. Tun daga 1993, da ya fito da tsarin ajiya na NTFS, kowace jaka tana ɗauke da jerin sunaye, kowane suna da irin izininsa. Wannan sauƙi ne, amma a cikinsa tarko yake, domin yana ba ka damar lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauki misalin sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma mai ma'aikata goma da jakunkuna ashirin. In da suna aka bi, wurare ɗari biyu ke nan da za a iya rubuta izini. Aka yi wa mutum ɗaya canji zuwa sashen ayyuka, sai an bi jakunkuna ashirin ana goge sunansa, kuma ku da kanku kun san ba za a bi ba. Shekara ta kewayo, ɗan bautar ƙasa ya gama ya koma garinsu, sunansa na nan. Ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata shida ya koma makaranta, sunansa na nan. Bayan shekara biyar babu wanda zai iya gaya muku wa ke iya buɗe me. Shi kuwa tsohon ma'aikacin da ya zaga sassa uku, ya tara makullan sassa uku, ya fi shugaban hukumar kansa iko a cikin rumbu ba tare da kowa ya nufa ba.

In kuwa da rukuni aka bi, sai a kafa rukunin sashen kuɗi, a ba rukunin izini a kan jakunkunansa sau ɗaya tak. Wanda ya zo a sa shi ciki, wanda ya tafi a cire shi, aiki ɗaya a wuri ɗaya. Masana biyu na hukumar ma'aunai ta Amurka, David Ferraiolo da Richard Kuhn, sun tsara wannan hanya a rubuce a 1992, cewa izini ya bi muƙami. Kafin su, a 1975, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun riga sun shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa ke bukata. Mu da muka tashi a gidan gandu mun san wannan: maigida ne ke buɗe rufewa, ya auna wa mai girki hatsin ranarta, ba don yana zarginta ba, sai don haka tsarin gida yake.

Shawarar da zan bayar ga ofis mai matsakaicin girma ita ce kowace babbar jaka a yi mata rukuni biyu, na masu karantawa da na masu rubutawa. Jakar albashi, alal misali, akawu biyu ko uku da ke shirya ta su ne masu rubutawa, ma'aji da mai binciken kuɗi su karanta. Wani zai ce, yaya za a hana mai binciken kuɗi rubutu alhali ya girmi akawu a muƙami? Amsa ita ce, hanin kariya ce gare shi. Ran da aka tarar an sauya wata lamba, wanda ba shi da ikon rubutu ba ya cikin waɗanda za a tuhuma. Girman kujera ba shi ne ma'aunin yawan makulli ba. Manyanmu suna da wuyar karɓar wannan magana, na sani, domin a wurinmu hana babba shiga ɗaki kamar raini ne. Sai an bi su da ladabi an nuna musu cewa kwamfutar babba ita ɓarawo ya fi hari, kuma in ta faɗa hannunsa, duk ƙofar da take buɗewa ta buɗu gare shi.

Jerin 'yan gudun hijira kuwa, da duk abin da ya shafi tsaro, ina ganin ko kusa bai kamata su zauna ƙarƙashin jakar da jama'a ke shiga ba. A yi musu jaka dabam tun daga tushe, da rukuni wanda ba zai wuce a ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya ba, a kuma ɓoye ta yadda wanda ba shi da izini ko sunanta ba zai gani ba, domin na'urorin nan suna da wannan dama. Wanda aikinsa rabon abinci ne, adadi yake bukata, mutum nawa a unguwa kaza. Ba ya bukatar sanin wanda ya gudo daga Kamarawa ran kaza, ko gidan da yake kwana.

Yanzu sai tarkunan da kan kama har waɗanda suka bi ta rukuni. Na farko, a tsarin Windows ƙofa biyu ce. Akwai izinin da ake sawa a kan rabawar kanta, wadda ke tafiya bisa ƙa'idar SMB da aka faro a kamfanin IBM a 1983, akwai kuma izinin da ke kan jakar a cikin faifai. Mai shigowa ta waya sai ya wuce duka biyun, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Da yawa sukan gyara ɗaya su manta da ɗaya, sa'an nan su yi ta zargin na'ura. Haka kuma in mutum yana cikin rukuni biyu, izininsa taruwa yake yi, amma in ɗaya daga cikin rukunan an rubuta masa hani ƙarara, galibi hanin ne ke rinjaye. Saboda haka kada ku yawaita rubuta hani. Wanda ba ku so ya shiga, ku ƙi sa shi cikin rukuni kawai, ya wadatar.

Sai maganar gado. Ƙaramar jaka takan gaji izinin uwarta, kuma haka ya fi. Duk lokacin da kuka yanke gadon a can cikin jaka ta biyar don ku saka wani mutum guda, kun binne abin da ba wanda zai tuna da shi. A Linux kuwa akwai wani abin mamaki: sabon fayil yakan ɗauki rukunin wanda ya ƙirƙire shi ne, ba rukunin jakar ba, sai abokin aiki ya zo ya kasa buɗe abin da aka ajiye dominsa. Maganinsa a ƙara lamba 2 a gaba, a ce 2770, sai duk abin da aka haifa cikin jakar ya ɗauki rukuninta. Ku sani kuma, wanda ke da ikon rubutu a kan jaka yana iya goge fayil ɗin da ke ciki ko da ba nasa ba ne, sai in an sa alamar da ke hana haka, wadda lambarta 1 ce a gaba. Fayil ɗin da aka ja daga wata jaka zuwa wata a faifai guda kuma yakan tafi da tsohon izininsa, saɓanin wanda aka kwafa. Ta nan takardar sirri kan shiga wurin da ba a nufa ba, ko ta fili ta ƙi buɗuwa. In kuma kun sa mutum cikin rukuni ya ce har yanzu ƙofa a rufe take, ku ce ya fita daga na'urar ya sake shiga kafin ku taɓa wani abu.

Duk wannan gini rushewa yake in ofis guda yana amfani da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wadda aka rubuta a takarda aka manna a jikin bango. Rukuni ba shi da ma'ana sai kowa yana da sunansa. A rufe ƙofar baƙo da akwatunan nan kan zo da ita, a sauya kalmar sirrin da kamfani ya sa. Shi kansa mai kula da na'ura ya riƙe suna biyu, na aikin yau da kullum da na gyara, kuma kada ya zama shi kaɗai ya san babbar kalmar. A rubuta ta a rufe cikin ambulan a sa a akwatin ƙarfe na ma'aji. Edward Snowden, wanda ya kwashe asirin hukumar leƙen asirin Amurka a 2013, aikin kula da na'urori yake yi. Ko me mutum ke gani game da abin da ya aikata, darasin da ke ciki ga mai ofis shi ne mai riƙe da dukkan makullai shi ma a san abin da yake buɗewa. Na'urar tana iya rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, daidai da littafin ɗakin sirri na da. A kunna wannan, a kuma sami mai dubawa.

Kada kuma a ɗauka izini ya isa kome. Akwai mugayen manhajoji masu kulle fayiloli su nemi fansa, irin WannaCry da ta bi ta wani rauni a tsohon tsarin SMB a watan Mayu na 2017 ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Irin waɗannan in sun shiga kwamfutar ma'aikaci, duk jakar da yake da ikon rubutu a cikinta suna iya lalata ta, wanda wannan ma wani dalili ne na taƙaita masu rubutu. Faifai biyu da ke kwafar juna cikin akwati ɗaya ba su hana wannan, domin abin da aka goge a ɗaya an goge shi a ɗayan. Sai an riƙa ɗaukar kwafi a wani faifai dabam ana kai shi wani gini. A ƙasar da ake fasa ofis a sa masa wuta, ko a ɗauke akwatin a kan babur, wajibi ne a kulle abin da ke cikin faifan da rufin asiri na lissafi, yadda ko an cire shi an sa a wata na'ura ba za a karanta ba.

A nan zan ɗan ratse, don kada wani ya fita ya ce na zo ne in koya wa ma'aikata ɓoye-ɓoye. Cutar da ta fi damun ofisoshinmu ita ce a rufe abin da ya kamata a buɗe, a buɗe abin da ya kamata a rufe. Kasafin kuɗi da takardun kwangila, waɗanda haƙƙin jama'a ne su gani, su ake yi wa kwaɗo uku, alhali sunan gwauruwar da ta karɓi buhun gero yana yawo a wayoyin mutane. Ƙasar nan tana da dokoki biyu da ya kamata kowane matashin ma'aikaci ya karanta tare: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ta farko ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma. Ta biyu ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, har ta wajabta masa sanar da hukumar da ke kula da wannan cikin awa 72 in bayanan sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Saboda haka a rumbun kowane ofis ya kamata a sami jakar da kowa ke karantawa, mutum ɗaya ko biyu ke rubutawa, a zuba sanarwa da kasafi da ƙa'idojin aiki a ciki.

Saura tambaya guda: wa ke cewa a sa wane cikin rukuni? Ba mai kula da na'ura ba ne. Shi maƙeri ne, yana ƙera makulli, amma ba shi ke cewa ga wanda za a ba ba. Shugaban sashe ne zai rubuta a takarda ya sa hannu, a ajiye takardar a fayil. Takardar canjin wurin aiki ko ta ritaya kuwa, a riƙa aika kwafinta ga mai kula da na'ura ran da ta fito. Duk bayan wata uku a buga jerin 'yan kowane rukuni a kai wa shugaban sashe, ya duba ya soke wanda ya kamata a soke. Aikin bai fi na rabin awa ba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ba sai kun jira kun kama aiki ba. Kuna da jerin 'yan ƙungiya da garuruwansu da lambobin iyayensu, kuna da lissafin kuɗin da aka tara, kuma shugabancinku na shekara ɗaya ne. Ko da a Google Drive kuke ajiya, tsarin ɗaya ne. Ku kafa rukunin shugabanni, da na ma'aji da mai binciken kuɗi, da na sauran 'yan ƙungiya. Lissafin kuɗi kowa ya karanta, jerin sunaye kuwa sakatare da shugaba kawai. Ranar miƙa mulki, kafin a sha lemo a ɗauki hoto, tsohon sakatare da sabo su zauna gaban shaidu biyu, a cire sunayen masu barin gado, a sa na masu hawa, a sauya babbar kalmar sirri, sa'an nan a rubuta cikin littafin taro cewa an yi haka.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi, kuma an ce akwai masu tambaya.